Ƙwallon Dabino Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka tafa mini a gidan likitan unguwarmu ba, ko da ina so in manta. Mata sun fi talatin a ƙarƙashin rumfa suna tafi, ni ina tsaye a gabansu kamar an kafa turke. Har yau in na ji ana tafi, ko a gidan biki ne, sai wuyana ya ɗauki zafi.

Bari in fara daga Baba, mahaifina. Da can mai raƙuma ne. Yana ɗaukar kanwa da dabino daga kwari ya kai kudu, ya dawo da hatsi. Mutum ne da ba ya maimaita magana. Shekara shida ke nan da kansa ya juye. Gigin tsufa, in ji mutane. Bai san ni ba. Wata rana ni ƙanwarsa ce da ta rasu tun ban zo duniya ba, wata rana ɓarauniyar da ta kore masa raƙuma, yawanci dai "matar nan" ce. Zai cinye tuwo ya suɗe hannu, ya ce tun jiya ba a ba shi komai ba. Takalminsa na taɓa tsamowa daga tukunyar miya. In na juya baya sai ya fice ya kama hanyar Bune, neman raƙuman da fari ya kashe tun ina budurwa. Sau uku makiyaya suna dawo mini da shi a kan jaki. Daga na ukun na samo igiya da ƙararrawar akuya. In zan shiga wanka ko in ɗora tukunya, sai in ɗaura masa a ƙafa, ɗaya bakin a turken rumfa. Ku faɗi abin da za ku faɗa. Wanda bai taɓa bin sawun ubansa cikin rairayi da rana tsaka ba, ya yi mini shiru.

Ni kaɗai ke riƙonsa. Mijina ya rasu. Huɗu na haifa, na binne uku. Ina da wa a Damagaram, ma'aikacin biro ne, wato ofis. Da Sallah yake zuwa da sabuwar riga da turare, ya zauna awa biyu, ya ce mini in yi ta haƙuri aljannata ce, ya shiga mota. (Aljannar nan kamar ni kaɗai aka yankar wa fili a ciki. Shi ko kusurwa bai nema ba.)

Wadda ta rage mini ita ce Falmata, tana aure a Alakos, lokacin tana ɗauke da cikin fari wata takwas. A al'ada gida za ta zo ta haihu a hannuna. Amma zuwanta na ƙarshe Baba ya jefe ta da akushi, ya ce ita ce ke satar masa goro, saura kaɗan ya same ta a ciki. Sai aka tsayar can za ta haihu. To yarinyar da uwarta ke da rai, a ce dangin miji ne za su dafa mata ruwan wanka su dama mata kunun kanwa? Ban nemi kwana arba'in ba. Sati ɗaya na nema, daga haihuwa zuwa suna. Wa zai riƙe mini Baba sati ɗaya? Na buga wa wana talho na tambaye shi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na tambayi maƙwabta, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi a watan da abin ya faru.

Ana nan sai mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa, wai mutanen likita suna da bayani ga masu riƙon tsofaffin da kansu ya juye. Ban je ba. Da wa zan bar Baba? (Ku lura da wannan wayon: a kira taron waɗanda ba sa iya fita, a ce su fito.) Maƙwabciyata Ya Gana ta je, don ita surukarta ba ta motsi, inda aka ajiye ta nan za a tarar da ita. Da ta dawo na tambaye ta ta kan zana, ta ce za su bi gida gida su duba yadda ake riƙon tsofaffi. Iyakar abin da ta gaya mini ke nan. Ko mantawa ta yi da sauran ko ɓoyewa, Allah ya sani, ni dai ina da nawa zaton.

Da na ji "su duba", na ce to, sai su zo su gani. Ba a garinmu Gure za a ce ƴar mai raƙuma ta wulaƙanta ubanta ba. Ranar da za su zo na share tsakar gida sau biyu. Na yi wa Baba wanka, muka yi kokawar da muka saba, na yanke masa farce, na sa masa rigar Sallah, na fesa masa turaren wana. Na aro sabuwar tabarma. Tabarmarsa ta kwana da ke warin fitsari, da tsummokaran da ban samu na wanke ba, da igiya, da ƙararrawa, duk na tura su ɗakina na ja ƙyaure. Na sa tozali don kada a ga ramin idona. Na dama fura.

Wadda ta zo yarinya ce, ba za ta girmi Falmata da yawa ba, ana ce mata Madam, daga Tawa aka turo ta aiki. Hausarta ma ta can ce. Tana da kaye da bik, wato littafi da alƙalami, da ƙaramar tasa da ƙullin ƙwallon dabino. Kafin ta gama sallama maƙwabta sun cika gidan, kamar yadda ake yi in baƙo mai takarda ya shigo. Ya Gana ta zo aron wuta ta zauna. Mariyama mai ƙosai ta zo da mayafinta a hannu. Har da wata da muka yi wata uku ba mu gaisa ba.

Madam ta dubi taron ta ce da ni, a hankali, ko za mu shiga ɗaki mu biyu. Ɗakin da na tura kayan? Na ce ɗaki da zafi, nan ma ya yi, duk ƴan uwa ne. Ta sake cewa tambayoyin na sirri ne. Na ce ba ni da sirri. Korar maƙwabta kuwa ba a yi, sai dai in kana shirin barin unguwa.

Ta yi mini bayani. Tun da ban yi karatun lakwal ba, ba sai na rubuta komai ba. Za ta yi tambaya. In abin bai taɓa faruwa da ni ba, kada in sa komai a tasa. In jefi-jefi ne, ƙwallo ɗaya. In kullum ne, huɗu. Tsakani kuma biyu ko uku. Da haka, in ji ta, ake auna wahalar mai riƙo.

Sai ta fara. Wai ko ina jin ba ni da lokacin kaina saboda Baba. Na ce lokacin me, Alhamdu lillahi. Wai ko lafiyata ta taɓu. Na ce garau nake (ina faɗa bayana na sara kamar ana buga tsinke). Wai ko nakan ji haushi in ina tare da shi. Haushi! A gaban Ya Gana za a tambaye ni ko ina jin haushin wanda ya haife ni? Na ce Allah ya kiyaye, Mariyama ta ce amin, alhali ita ce take jin muryata kowace safiya ta kan katanga ina cewa "Baba, don Allah tsaya in sa maka wando!" Wai ko abin da yake yi yakan ba ni kunya gaban mutane. Na ce uba ba ya ba da kunya. Wai ko na taɓa fatan wani ya karɓe ni. Nan ne na ji hannuna ya matse ƙwallayen har suka yi mini shaida a tafi. Alakos ta faɗo mini a rai. Na dubi matan nan, duk sun zuba mini ido. Na ce a'a, ladan nake so ni kaɗai.

Baba kuwa ranar kamar an saye shi. Ya zauna a sabuwar tabarma yana ƙamshi, ya harɗe ƙafa, yana gyaɗa kai kamar liman. Ko tari bai yi ba.

Tambaya ashirin da wani abu, ƙwallo biyu na sa. Ɗaya da ta tambayi ko ina tsoron abin da zai same shi nan gaba, don wannan ba abin kunya ba ne. Na biyun kuma don kada yarinya ta ce ta yi tafiyar banza. Ta leƙa tasar, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Inna, kin tabbata?" Na ce ta sha fura. Da suka watse na ji daɗi har raina. Na ce yau na fita kunyar Baba.

Bayan sati biyu aka aiko duk wanda aka yi wa tambaya ya zo gidan likita ranar Laraba da hantsi. Wannan karon na ce sai na je, in ji abin da za a ce da kunnena. Ba nisa, yana bakin hanyar Bune. Na ba Baba koko, na ɗaura masa igiya a inuwa, na ajiye masa buta, na roƙi Mariyama ta riƙa leƙawa.

Majo, wato babban likitan wurin, shi ya yi magana. Nan na ji rabin bayanin da Ya Gana ta haɗiye. Ashe ba duba tsofaffin aka zo yi ba, mu masu riƙo aka zo aunawa. An koya wa wasu mata yadda ake kula da irin su Baba. Waɗanda aka ga wahalarsu ta fi nauyi, za a riƙa tura musu mace ta karɓe su kwana biyu a sati, in kuma tafiya ta kama, har sati guda. Har sati guda. Ya faɗa da bakinsa. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya.

Ya kira sunayen waɗanda za a fara da su. Ya Gana ce ta farko. Ta tashi tana gyara mayafi kamar an ba ta kujerar Makka. Aka kira na biyu, na uku, har aka gama. Babu ni. Ina zaune ina lissafin cikin Falmata da yatsu a ƙarƙashin mayafi, ina zagin Ya Gana, ina zagin tasa, ina zagin wanda ya fara shuka dabino.

Da a nan aka tsaya, da na koma gida na ci haushina ni kaɗai. Sai Madam ta miƙe. Ta ce akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ta ba ta mamaki. Shekara shida tana riƙon mahaifinta ita kaɗai, amma duk garin ba wanda tasarsa ta kai tata sauƙi. Ba ta gajiya, ba ta fushi, gida fes, tsoho fes. Ta ce zai yi kyau ta tashi ta koya wa sauran yadda take yi. Ina ta waige-waige in ga wannan waliyyiya, sai na ji sunana.

Aka tura ni gaba. Aka yi tafi. Matan unguwarmu suna tafi suna kallon ƙasa, kafaɗunsu na rawa. Madam ta ce, "Inna, faɗa musu sirrinki." Na buɗe baki. Abin da ya zo mini shi ne maganar wana, sai na ji ina cewa haƙuri ne kawai, a riƙa tuna aljanna. Ni! Da bakina!

A nan ne na ji ƙararrawa.

Kirin, kirin, daga bakin hanya. Na san ƙararrawar nan ko cikin garke dubu. Na manta da abu ɗaya: mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaure kaya a bayan raƙumi. Sunana ya ɓace masa, ƙulli bai ɓace masa ba. Ya kwance ta wajen turke, ya bar ta ƙafa. Ga shi nan tafe, ya sa rigar Sallah a bai-bai, ya naɗa tsohon zanena a ka ya yi rawani, takalmi ƙafa ɗaya, igiya tana jan ƙasa a bayansa. Hanyar Bune ya kama kamar kullum, ya ga taro a rumfa ya zaci zango ne.

Tafi ya mutu. Kowa ya bi igiyar da ido, daga ƙafarsa har ƙarshenta, sannan aka dawo da idon kaina. Baba ya wuce ni ko kallo, ya je ya ba Majo hannu, ya gaishe shi da sarkin zango, ya tambaye shi ko an ga raƙuma bakwai, ɗaya mai tabo a wuya. Majo mutumin kirki ne, ya ce ana nema, ya zaunar da shi a kujerarsa. Sai ya nuna ni, ban san me ya kai shi ba, ya ce, "Baba, ka san wannan?"

Baba ya ƙare mini kallo. Ya ce, "Na san ta mana. Matar nan ce mai kuka. Kullum in ta ɗaure ni sai ta zaga bayan rumbu ta yi ta kuka, ta fyace hanci, ta dawo ta ce in ci tuwo." Ya juya wajen Majo ya rage murya, irin ta manya in suna maganar da ba a so yara su ji, amma duk rumfar ta ji. "Ku taimaka mata, mutanenta sun yar da ita. Ban san ƴar wa ce ba, amma ubanta bai kyauta ba."

Igiyar ba ta dame ni kamar wannan ba. Igiya kowa a unguwa ya san da ita. Kukan ne ba wanda ya sani. Ni da na binne miji da ƴaƴa uku ba wanda ya ga hawayena, har ana cewa zuciyata dutse ce, ina jin daɗin ana faɗa. Shekara shida ina zaton tsohon nan bai san abin da ke gabansa ba, ashe yana ƙirga mini.

Me na yi? Da na yi shiru. Sai na ɗaga murya na ce, "Ƙarya yake yi!"

Rumfa ta ɗauki salati. Wata tsohuwa ta toshe kunne. Matar da ta share gida sau biyu, ta aro tabarma, ta ƙi sa ƙwallo a tasa don kada a ce ta yi ƙorafin ubanta, ita ce ta ƙaryata shi gaban mata talatin da Majo. Kuma gaskiya ya faɗa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Abin da nake zagawa bayan rumbu in yi, nan na yi shi, da tozali da komai.

Madam ce ta kama hannuna ta shigar da ni biro ta rufe ƙofa. Na sauke mata duk haushin. Na ce wane irin awo ne wannan? Wa ya taɓa tambayar ɗiya ko tana jin haushin ubanta ta ce e? Ba ku da ido? Ba ki ga ramin wuyana ba? Ba ki ji warin da turare ya kasa rufewa ba? Ku da kuka yi lakwal, ba a koya muku cewa in Bahaushiya ta ce lafiya lau sai a sake tambaya ba? Ta bari na gama. Ta ce, "Inna, ai na ce mu shiga ɗaki." Gaskiyarta, ta faɗa, har sau biyu. Ita ma ta ce laifinta ne da ta yarda da tasa ta ƙi yarda da idonta. Sai ta ciro tasar da ƙullin, ta ce mu sake, ba kowa sai ni da ita.

Muka sake. Lokacin kaina, huɗu. Lafiya, huɗu. Haushi, na riƙe ƙwallayen na daɗe, na sa uku, na ƙara ɗaya. Ko na taɓa fatan wani ya karɓe ni, na juye abin da ke hannuna gaba ɗaya, ta ce huɗu ne iyaka, ta tsince sauran. Tana rubutawa, ta taga ina jin Baba yana koya wa Majo yadda ake gane raƙumi mai ƙishirwa.

Da ta haɗa, ta ce an sa ni cikin waɗanda za a karɓa, ni ce ta biyu a nauyi. Na ce ta biyu? Wa ya fi ni? Ta ce ba a faɗa. Ai ba sai ta faɗa ba, sunan wa aka fara kira? Ya Gana, wadda surukarta ko ƙofa ba ta sani ba! (Daga baya na shiga gidanta na ga yadda take juya tsohuwar kamar jaririya, ta wanke mata gyambon baya, ta ɗura mata koko da cokali. Ban ce ba ta wahala ba. Na ce dai da za a sake ƙirgawa.)

Falmata ta haihu bayan kwana goma sha ɗaya, mace. Aka turo mini wata Hajara, mace mai ƙashi, ba ta da yawan magana, ta yi mini. Baba ya ɗauke ta mai sayen kanwa, suka yi ta ciniki. Ta nuna mini in ya tashi tafiya kada a tare shi, a bi shi a zaga da shi bayan gida a ce raƙuman sun sha ruwa, sai ya dawo da kansa. Wani lokaci yana ci, wani lokaci ba ya ci. Igiyar dai tana rataye, ban yar ba.

Na shiga motar Alakos da kanwata da yajina. Na isa bayan azahar, na ga jika, na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin in hura wutar ruwan wanka. Kiran sallar asuba ya tashe ni. Dangin mijin da na yi ta kishin kada su dafa mata ruwa, su suka dafa, har suka lulluɓe ni da zane. Da gari ya waye uwar mijin ta zo gaishe ni, ta ce ina gajiya. Bakina ya ɗauko "ba gajiya" kamar yadda ya saba tun ina yarinya. Na tsayar da shi. Na ce, "Akwai ta. Ta shekara shida." Matar ta yi tsuru, ba ta taɓa jin an amsa haka ba. Sai ta koma ta kawo mini matashi.

Abin da na koya ba yawa. In mai tasa ya zo, a kori maƙwabta, a buɗe ɗakin da aka tura kayan. Kuka kuma na sauya masa wuri. Bayan rumbu akwai mai leƙe.